Takardar Shigo da Shanunmu

Bana ruwa ya ɗauke mana tun gero bai gama fitar da kai ba. Kullum da yamma hadari ya haɗu a gabas, ya yi ta cida kamar abin kirki, iska ta zo ta watsa shi. Ranar Alhamis ɗin da ta wuce ina zaune a rumfata a karar Maigatari, wato kasuwar dabbobi, inda nake sayar da igiya da kanwa, sai ga wani mutumin Dungas an koro shi daga bakin iyaka da buhun dusa biyu a bayan babur. Wai an hana fita da abinci. Ya ce dusa ce, aka ce har dusar. Ya jingine babur ɗin a gindin katangar nan da aka kewaye fili aka ce nan za a riƙa cinikin ƙasa da ƙasa ba haraji, ya zauna yana fifita da hula. Katangar dai ta yi kyau, kuma tana ba da inuwa.

Na dube shi sai na ji raina ya ɓaci, don shekara talatin da suka wuce ni ne a tsaye a wurin nan. Babur da jaki ne kawai bambancinmu.

Ni mutumin wani ƙauye ne kusa da Ɗanzomo. Sunana Ilu. Na yi firamare a Gumel har aji biyar, sannan Baba ya ciro ni saboda gona ta fi ƙarfin hannu biyu. Aji biyar ba ilimi ba ne, amma a ƙauyenmu a lokacin ya isa a kira mutum Akawu. Wasu da girmamawa suke faɗa, wana Sale kuwa da baki a karkace. A shekarar da nake ba da labari, shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, na ɗan haura ashirin, kuma na kai takardar neman aikin malamin sikeli a wajen masu sayen gyaɗa a Gagarawa, bakin tashar jirgi. Ina jiran kira. Ku riƙe wannan, don shi ya kashe mu.

Dukiyar gidanmu shanun huɗa biyu ce. Ɗaya fari ne mai baƙi a gefen ido, muna ce masa Ɗan Kwalli. Ɗayan Gajere, ga taurin kai, amma in ya sa wuya a karkiya sai ka gaji kafin ya gaji. Kafin Baba ya saye su, rabin gonarmu ta jigawa saura ce, sai sabara da tumfafiya. Da suka zo muka buɗe ta duka, gero da wake a sama, gyaɗa a gangare, har Sale yana yi wa mutane huɗa in mun gama tamu. Da rani su ke jan guga, don rijiyar ƙasarmu in ka leƙa ba ka ganin ruwa, sai dai ka ji shi.

Al'adarmu kuwa, in an gama huɗa gonaki sun rufe ko'ina, babu inda dabba za ta sa baki. Sai a ba Bafillace su, ya tafi da su arewa, ƙasar da har yau tsofaffinmu ke ce wa Faransa, su ci ciyawar daji har kaka. In an girbe ya dawo da su tare da garkensa, ya sauka a gonarka, shanunsa su ci kara su bar maka taki. Namu Bafillacen Manu ne, aminin Baba tun suna samari, rugarsa na ƙasar Dungas. Babu takarda a tsakaninsu, babu shaida. Iyakar kanta ba mu san ta da wani abu ba sai wani turken siminti da awaki ke sosa jiki. Gero da atamfa da kananzir su hau arewa, kanwa da dabino da dabbobi su gangaro. Da haka Maigatari ta zama Maigatari, ba wani ne ya zauna a ofis ya zana ta ba.

A waccan shekarar ruwan shuka ya makara. Muka yi binne tun ƙasa na bushe, ya fito, rana ta ƙone shi. Muka sake shuka. Aka samu ruwa uku masu kyau a jere, har Baba ya ce Allah ya dube mu, muka yi huɗa a gurguje, Manu ya zo ya kora Ɗan Kwalli da Gajere. Tun daga ranar sama ta bushe. Gero ya kai ƙugu ya tsaya, ganyen ya nannaɗe kamar taba. In ka taka rairayi da hantsi sai ka yi rawa. Aka fita roƙon ruwa da riguna a juye, aka yanka abin sadaka, tsofaffin mata suka zaga gari da waƙarsu. Yayyafi ɗaya aka yi wanda ko ƙasa bai jiƙa ba, sai warin ƙasa da ya tayar mana da rai a banza.

Azumi ya kama daidai lokacin da ya kamata a ce muna girbi. Abin da muka yanko a gonar da ke cika rumbu biyu, jaki ya kwashe shi a sawu kaɗan. Wake ne ya ɗan ba da harawa, ba ƙwaya. Inna ta sauke babbar tukunya ta ɗora ƙarama. Buɗa-baki kunu ne tsararo wanda kake hango gindin ƙwarya, sahur kuwa kwaɗon tafasa da ɗan ƙuli. Ana cikin haka wani ɗan'uwan Manu ya biyo da saƙo: arewa babu ko tsinke, shanunsa sun fara faɗuwa, ya kora garken zai gangaro an mayar da shi daga bakin iyaka. Mu zo mu ɗauki namu, ko mu aika da abin da za su ci.

A nan muka san an yi sabuwar doka. Kada a fita da abinci, kowane iri. Dabba kuma ba ta shigowa sai da takarda, don duk wadda ta ƙetaro ta fatauci ce. Ban ce mai dokar mahaukaci ba ne. Yana tsoron kada hatsi ya ƙare a ƙasa. Amma wanda ya rubuta ta bai taɓa jin cewa akwai sa ɗan Ɗanzomo da ke zuwa cin ciyawa Dungas ba.

Bayan la'asar muka zauna a inuwar darbejiyar ƙofar gida, baki duk ya bushe. Maƙwabcinmu Ɗan'azumi yana nan, shi ma shanunsa biyu na wajen Manu.

Ya ce wa Baba, "Malam Haruna, jibi zan tafi. Ta gabas da kasuwa zan bi, ta daji. Ka ba ni Sale mu koro su huɗun gaba ɗaya."

Sale ya ce, "Ko yanzu aka ce in tashi, na tashi."

Ni kuwa na gyara zama. Na ce, "In aka kama su a daji ƙwacewa za a yi, a haɗa da mutum. Shanunmu ne, ba na sata ba. Me zai sa mu bi hanyar ɓarayi? Takarda ce, a je a nema. Sati ɗaya ya isa."

Ɗan'azumi ya yi dariya har da tari. "Akawu, wa ka taɓa gani an kama? Dajin nan kwana nawa ne faɗinsa, su kuma su nawa ne?"

"An ce an kama wani a wajen Babura."

"An ce! An ce ma kura ta yi aikin hajji."

Sale ya ce, "Baba, kada ka biye masa. Aikin sikelinsa yake tsoro, kada a ce ɗan gidan 'yan fasa-ƙwauri ne. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na yi zuciya. Na rantse ba haka ba ne, da azumi a bakina.

Baba ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke. Mutum ne da tunda yake bai taɓa tsayawa gaban alƙali ba, kuma yana alfahari da haka. Ya ɗago ya ce, "Saboda irin wannan rana na kai shi boko. Sale, ka bari. Ilu, je ka nemo takardar."

Ɗan'azumi ya kaɗe rigarsa ya ce, "Allah ya ba da sa'a." Kwana huɗu bayan nan na ga shanunsa a turke, ƙashin haƙarƙari a waje, amma suna tuƙar kara. Na ce a raina, ai wata rana za a kama shi.

Bayan ƙaramar salla na ɗaura wa jaki harawa dami biyu da rabin buhun dusa, na nufi Maigatari, in kai wa shanunmu su riƙe rai kafin takarda ta fito. A bakin iyaka an gitta gora a kan ganga biyu. Ɗan kwastan ɗin wani dattijo ne mai furfura a gemu, da ka ji Hausarsa ka san ba mutumin nan ba ne.

"Samari, mene ne wannan?"

"Harawa ce, ranka ya daɗe, da dusa. Shanunmu ne a ciki."

"Ba ta wucewa."

"Ai ba mutum ke ci ba."

"A bana? Je ka Dungas ka ga ko dusa za ta kai bakin sa." Ya zaro takarda daga aljihu ya nuna mini, na karanta da ƙarfi don ya san na iya. Ya ce, "To ka gani. Ni ma abin da aka aiko mini ke nan. Wanda ya rubuta bai ce in duba fuskar mutum ba."

Na ce to ina ake samun takardar shigo da shanu. Ya ce Gumel. Sannan ya kalli gabas, ya kalli yamma, ya tofar da goro, ya ce, "Samari, daji fa da faɗi. Ni wannan gorar kaɗai aka ba ni tsaro."

Wallahi da kunnena na ji. Kuma na juya jakina ina yaba wa kaina, wai na gane tarko ne, so yake in bi daji ya sa a kama ni. Aji biyar ke nan.

Daga nan na zama ɗan hanyar Gumel. In fita da asuba a kan aron keke, rabin hanya ni ke ɗauke da keken saboda rairayi. Ofis na farko suka ce sai malamin dabbobi ya shaida lafiyarsu. Malamin dabbobi, mutumin kirki, ya ce ba ya shaidar abin da bai gani ba, in kawo su. Na ce suna bayan iyaka. Ya ce shi aikinsa bai ƙetare iyaka ba. Na ce to ba sa shigowa sai da takardarka. Ya ce, "Ka ga matsalar ke nan," kamar ni na kawo ta. Wani ya ba ni shawara in samo shaidar dagaci cewa shanun haifaffun nan ne. Na samo. Aka ce sai hakimi ya buga hatimi. Aka buga. Na mayar, aka ce mai sa hannu ya tafi Kano taro. Da ya dawo ya juya takardar gaba da baya ya ce bai taɓa ganin irin wannan ba, shanu na gida kuma na waje, zai rubuta sama a gaya masa. Ban ga wanda ya zage ni ba, ban ga wanda ya nemi ko sisi a hannuna ba. Kowa sai ya ce, "Allah sarki, ka dawo wani satin."

Babbar salla ta zo ta wuce, gidanmu ko kaza ba a yanka ba. Sanyi ya wuce, bazara ta sauka. Gero ya ƙare, muka koma garin rogon da ake kawowa daga kudu, wanda in ka jiƙa ka sha cikinka ya kumbura, kafin azahar ya sace. Mata suna tonon gidan tururuwa suna sheƙe abin da suka samu. Ni da Sale mu ke jan guga da hannu, igiya ta yanka tafin hannunmu har ya daina jini ya yi kanta. Muna ja ba ma magana. Harawar da na dawo da ita tana kan rumfa, Baba ya hana a taɓa, wai ta shanu ce in sun dawo. Akuyar Inna ta mutu tana kallonta.

Sau biyu Sale ya ce zai tafi ta daji. Sau biyun na ce takarda ta kusa, an ce satin nan. Na biyun sai da ya shaƙe ni a bakin rijiya, mutane suka raba mu. Baba ya ce, "Mun riga mun shiga hannun hukuma, sun san da maganar. In muka bi daji yanzu, mun zama masu laifi da saninmu." Maganata ce yake maimaitawa, ni na koya masa.

Wata ranar Talata ina Gumel, zaune a teburin mai shayi ba na shan komai, rediyonsa na magana. Sai na ji an ce saboda halin fari, kuma saboda nama ya yi wuya a birane, an ɗage neman takarda a kan dabbobin da ke shigowa daga arewa. Magana ɗaya, tsakanin labarin ƙwallo da sanarwar rasuwa. Ashe abin da ake iya ɗagawa ne. Ashe ba aya ba ce. Sai da naman miyar mutanen birni ya yanke sannan aka tuna ana iya lanƙwasa ta.

Washegari ni da Sale muka kama hanya. Harawa har yanzu ba ta fita, don haka ruwa kawai muka ɗauka. Tun daga bayan iyaka wari ya tare mu. Gawar shanu a kwance gefen hanya, fata ta bushe a kan ƙashi, ungulu sun ƙoshi har ba sa tashi. Manu da na sani da garken da ba ka ganin ƙarshensa, muka same shi da shanu bakwai a gindin wata aduwa. Shi kansa ya zama kamar sandarsa.

Ya ce, "'Ya'yan Haruna, sai yau?"

Ya shiga bukka ya fito da fata a naɗe, ya shimfiɗa a gabanmu, ya juya wajen fuskar don mu ga baƙin idon. Haka ake yi, in dabbar amana ta mutu sai an nuna wa mai ita fatar. Ya ce, "Kwana goma sha biyu. Na yanka shi kafin ya cika, na rabar. Ku gaya wa Kaɗon nan, babanku, ban ci amanarsa ba. Abin da nawa suka ci shi suka ci." Sannan ya dube ni. "Ɗan'azumi ya ce kai ne mai takarda. Tana ina? In gani, ko ni ma in ba nawa su ci."

Gajere na kwance a bayan bukka. Kullum da safe sai an zura masa itace ta ƙarƙashin ciki, mutum huɗu su ɗaga, ɗaya ya ja wutsiya, sannan ya tsaya. Muka ɗaga shi. Ya shinshina hannun Sale. Muka taho a hankali, in ya yi taku hamsin mu tsaya, Sale na jiƙa masa baki da ruwan gora yana yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin yaro. Tafiyar yini ɗaya muka yi ta a kwana uku.

Da muka iso bakin iyaka an jingine gorar a gefe. Dattijon nan yana zaune yana yankan farce. Ya ɗago ya gan ni, ya ga Gajere, ya mayar da kansa ƙasa. Ko tambaya babu. Muka wuce.

Ba mu kai karar Maigatari ba Gajere ya durƙusa. Muka nemo mutane da itace, aka ɗaga, ƙafafun suka ƙi. Aka sake, suka ƙi. Wani mahauci ya zo ya latsa cinyarsa ya ce, "Me zan saya a nan? Ku dai yanka kada ya zama mushe." Sale ya karɓi wuƙar ya miƙo mini. Ya ce, "Akawu, kai za ka yi." Na yi.

Damina ta biyo baya da ruwa kamar an buɗe rijiya a sama. Irin shekarar da manomi ke mafarki. Mu kuwa muna tsaye da hauya uku a gonar da sai garma. Muka nome abin da muka iya, gangaren Baba ya ba Ɗan'azumi aro don kada ciyawa ta cinye. Ɗan'azumi ya yi wa rabin gari huɗa a shekarar, don shanun da suka rage kaɗan ne. Shekara ta zagayo ya ƙara biyu, daga baya amalanke, daga baya mota. Yau Alhaji ne, gangaren nan kuwa 'ya'yansa ke nomawa, Baba da kansa ya sayar masa. Ba na jin haushinsa. Ya ce a ba shi Sale, ni na hana. Aikin sikeli kuwa ba a taɓa kirana ba. Ba a daɗe ba ma cuta ta faɗa wa gyaɗa, sikelin kansa ya rasa abin aunawa.

Tun daga lokacin na ga an rufe iyakar nan an buɗe ban san sau nawa ba. In an buɗe, kara ta cika, mai shayi da ɗan dako da mai igiya irina kowa ya samu. In an rufe, masu bin daji su yi gini, masu bin ƙofa su zauna gindin katanga. Ba rufewar ce ke ƙona mini rai ba. A ce doka ba ta da ido, sai abu ya mutu sannan a ce an duba an sassauta.

Baba bai taɓa yi mini maganar shanun ba. Da muka kawo fatun biyu ya shafa su, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya ce a sauko da harawar a ba jaki. Na so ya zage ni, bai yi ba. Sale ne bai iya zama ba, ana gama girbi ya tafi Legas dako.

Wata huɗu bayan tafiyarsa direba ya kawo wasiƙarsa ta farko. Ina zaune a ƙofar gida ina tufka igiya aka miƙa wa Baba. Na goge hannuna a riga, na miƙe. Ya dubi ambulan ɗin, ya sa a aljihu, ya ɗauki sandarsa. Ya ce, "Zauna abinka, Ilu, ka gama aikinka." Ya taka har Ɗanzomo cikin rana, wajen malamin makaranta, aka karanta masa.